Hannun da Goggo Ta Ɗaure

Hure ƙanwata da hagu ta zo duniya. Tun tana rarrafe, in aka ajiye abu a gabanta, hannun hagu take miƙawa. Ba ta daɗe da yaye ba Inna ta rasu, sai Goggo, yayar babanmu, ta ɗauke mu mu biyu ta riƙe. Ita ce ta ce ba za a yi bahaguwa a ɗakinta ba.

Ina tuna yadda ta yi. Ta yage bakin wani tsohon zane, ta ɗaure hannun hagun Hure a jikin ƙugunta. Da ɗaurin take shan koko, da shi take wasan ƙasa, da shi take cin tuwo. Hure ta yi kuka, ta yi birgima. Goggo tana gefe tana tankaɗe, ita ma idonta ya yi ja, amma ba ta kwance ba. Haka aka ci damina guda.

"Icce tun yana ɗanye aka tanƙwara shi," in ji Goggo, in maƙwabta suka ce ta sassauta. "Ɗiya mace ta girma ta miƙa ma surukanta ƙwarya da hauni? Ni za a zaga, ba ita ba. A ce marainiya ta, ba ta samu mai kwaɓa ba."

Hauni shi ne hagu a bakin mutanen wajenmu. Da aka daina ɗaurin, hannun bai ƙara fitowa gaba ba. Hure ta koyi rubutu da dama, ta koyi tsinke da allura da dama. Hagun ya zama ɗan rakiya.

Shekarar da 'yan bindiga suka matsa wa ƙauyukan wajen Zugu, malaman makarantar garinmu suka tafi, aka rufe ta. Muka ɗaure abin da babur zai iya ɗauka muka dawo Bukkuyum, gidan Baffa Halliru, ƙanen Goggo, wanda ke koyar da yara karatun allo a zaurensa. Baba yana komawa gona in hanya ta yi shiru. Ni dama a aji uku na tsaya, ɗinkin hula nake yi. Hure kuwa ta ƙarasa aji shida a Bukkuyum, kanta na ja ƙwarai, amma zancen gaba babu shi. Gidan ya cika da bakunan ci, ba mai iya ɗaukar nauyin makarantar kwana.

A nan ne Malama Zulaihat ta shigo maganar. 'Yar Anka ce, ta yi karatu a Gusau, aka turo ta koyar da motsa jiki. Bayan makarantar firamare akwai wani daɓen siminti da ake shanyar wake a kai. Ta sa mai walda ya lanƙwasa mata ƙarfe kamar bakin kwando, aka kafe shi a jikin allon katako a saman dogon ƙarfe. Ƙwallonta biyu, ɗaya ma da faci. Bayan la'asar take tara 'yan mata, kowace da gajeren hijabi da wando mai faɗi, tana koya musu ƙwallon kwando.

Ita da kanta ta zo zauren Baffa ta roƙi a ba ta Hure. Ta ce bayan kaka mutane za su zo Gummi daga Gusau su duba 'yan matan Anka da Gummi da Bukkuyum. Wadda suka ɗauka, za a ba ta gurbi a makarantar kwana ta 'yan mata, ci da littattafai duk a kansu. Baffa ya ja carbinsa, sannan ya ce ya yarda, amma sai dai in ni zan riƙa raka ta. Goggo ta taɓe baki ta ce wasan maza ne, ba ta ƙara komai ba.

Haka na zama mai zaman gefen daɓe. Nakan tafi da hulata da zare, in zauna a gindin dalbejiya. Ban taɓa taɓa ƙwallon ba, amma kunnena ya sha dokokinsa.

Abin da Malama ta fara koya musu shi ne tafiya da ƙwallo, wato mutum yana tafiya yana buga shi ƙasa yana dawo masa hannu. Tana da baki, ba ta raga wa kowa.

"Ke, me ya yi miki kike marinsa? Da yatsu ake tura shi, ba da tafi ba. Tura shi, zai dawo, ba gudu zai yi ba."

"Ki durƙusa kaɗan. Kada ya wuce ƙugunki. In ya yi sama, kyauta kika ba wa mai tsaronki."

"Wa ya ce ki sa hannu ƙarƙashinsa ki juya? Masa kike toyawa? Hannu a sama yake zama."

In wata ta rungume ƙwallon ta ruga da shi, sai ta busa usur ta ce, "Ajiye mini jaririn nan, ba goyo na ba ki ba."

Doka ɗaya ce ta fi maimaitawa, har na haddace ta. Hannu ɗaya ke buga ƙwallo a lokaci guda. In kin kama shi da hannu biyu, tafiyarki ta ƙare, ko ki jefa wa 'yar'uwarki ko ki jefa kwando. In kika sake buga shi ƙasa bayan kin kama, alƙali zai busa, a karɓe a ba wa abokan karawa.

Hure ta riga kowa kamawa. Ƙwallon yana bin hannunta na dama kamar ɗan akuya da uwarsa. Malama takan jera duwatsu a daɓen su bi tsakaninsu, ta tsaya can gaba ta ɗaga yatsu, kowace ta faɗi nawa ta gani, don kada su riƙa kallon ƙasa. Sauran sukan sunkuya su nemi ƙwallon da ido. Hure kanta a sama, tana faɗin yatsun tun kafin Malama ta gama ɗagawa. A hanyar gida ba ta da zance sai na Gusau. Wai an ce mata makarantar tana da ɗaki guda cike da littattafai, kuma kowa gadonta daban.

"Yaya Fiddausi, in na tai, wa zai riƙa sa miki zare ga allura?"

"Da can wa ka sa min?" na ce. Ta yi dariya ta ruga gaba.

Ranar da Malama ta ce yau da hagu za a yi, ranar abin ya fito. Duk 'yan matan sun yi ta shirme, ƙwallo na buga musu ƙafa yana gangarawa cikin ciyawa, ana ta dariya. Na Hure ba na dariya ba ne. Hannunta na hagu ya manne a ƙugu, daidai inda aka taɓa ɗaure shi. Malama ta ce ta tura ƙwallon daga dama zuwa hagu. Ta tura. Kafin ya kai, damar ta riga ta bi shi, ta cafe da hannu biyu, ta mayar gefen dama ta ci gaba da bugawa. Usur ya yi ƙara.

"Me na ce game da hannu biyu?"

"Ban kama ba, Malama."

"Kin kama."

Hure ta dubi hannuwanta. Da gaske ba ta san ta kama ba. Aka sake, ta sake kamawa. Aka yi ta yi har rana ta yi sanyi.

Malama ta zaunar da ita a bakin daɓen ta yi mata bayani a hankali. Ta ce a Bukkuyum dama kaɗai ta isa, don ba wadda ta kai ta gudu. Amma a Gummi za ta haɗu da waɗanda suka san wasa. Da sun ga hannu ɗaya gare ta, sai su tsaya mata a dama su bar mata hagu a buɗe. Masu zaɓe kuma abin da suke fara dubawa ke nan.

Makonni suka wuce ba canji. Wata la'asar Malama ta zo da dabarar da ta ce da ita aka koya mata a Gusau. Ta ciro wani dogon ƙyalle daga jakarta.

"Zo nan, Hure. Zan ɗaure damar a bayanki, mu ga wa zai zo ceto."

Hure ta ga ƙyallen ta tsaya cik. Ta ja baya, ta ja baya, har ta fita daga daɓen, ta zauna a ƙasa ta cusa hannuwanta biyu tsakanin cinyoyinta. Ba ta yi ƙara ba, hawaye ne kawai. 'Yan matan suka tsaya suna kallonta. Malama ta tsaya da ƙyalle a hannu tana duban su ɗaya bayan ɗaya, ba wadda ta san dalili. Daga ƙarshe idonta ya sauka a kaina.

Ni magana da manya tana yi mini nauyi, balle malamar boko. Amma ba wanda zai faɗa in ba ni ba. Na matsa kusa, ina kallon hular da ke hannuna, na gaya mata zancen zanen Goggo. Ta saurara har na gama. Ta naɗe ƙyallen ta tura can ƙasan jaka.

"Ashe bahaguwa ce," ta ce a hankali. "Ashe hannun nata na gaske ne ke ɓoye." Ta je ta tsuguna gaban Hure. "Yi haƙuri. Ban sani ba. Ba mai ƙara ɗaure miki komai a filin nan."

Washegari da hantsi sai ga ta a gidanmu. Ta cire takalmi tun daga bakin zaure, ta durƙusa har ƙasa ta gaida Goggo, wadda ke tsintar wake a faifai. Aka yi gaisuwa mai tsawo, aka tambayi mutanen Anka da lafiyar hanya. Sannan Malama ta faɗi abin da ya kawo ta. Ta ce Hure ba ta jin tsoron ƙwallo, ba ta jin tsoron usur. Abin da ke riƙe hannun yana cikin gidan nan, kuma ita ba ta isa ta cire shi ba.

Goggo ba ta ɗaga kai daga faifan ba.

"Malama, kin haihu?"

"Tukuna, Goggo."

"To. Wagga ɗiya, da hannuna na gyara ta. Tana kuka ina kuka. Yanzu ta shiga mutane ba mai ce mata komi. Ke kuma kin zaka ki ce in warware, don wasan roba."

"Ba don roba ba ne, Goggo. Don karatu ne."

"Karatun da sai da hauni aka yin shi?"

Baffa Halliru yana jin su daga zaure, don yaran allo sun tashi. Ya leƙo da butarsa a hannu.

"Yaya, abin da anka ce muna, a ci da dama, a sha da dama, a miƙa da dama, a gaisa da dama. Ban ga inda anka ce a jefar da haunin ba. Ke yanzu da wane hannu kika riƙe da faifan nan?"

"Kai dai koma ga allonka."

"Hannu guda ba ya ɗaukar jinka, Yaya."

"Da kana ɗaukar jinka, da ɗakin awaki bai kwana biyu yana zuba ba."

Baffa ya yi dariya ya ja ƙafarsa. Malama ma ta yi murmushi, ba ta ƙara matsawa ba. Ta sha ruwan da na kawo mata, ta yi sallama ta tafi.

Na zauna na kama wa Goggo tsintar waken.  Can ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "In anka ɗauke ta, Gusau za ta zamna?"

"I, Goggo. Sai hutu."

"Sai hutu," ta maimaita. Ta tsame wata ƙwayar wake mai kyau ta jefa cikin tsakuwa, ba ta lura ba. 

Malama ta ba Hure aron ƙwallon nan mai faci ta riƙa zuwa da shi gida. Takan ɓuya bayan rumbu ta gwada hagun. Ina jin ƙarar, bugu biyu ko uku sai shiru, ta kama ke nan. In ta ji takun Goggo kuwa, sai ta tura ƙwallon ƙarƙashin rumbu ta fito tana karkaɗe zane. Ta daina zancen Gusau. Gero ya nuna, aka fara yanka, ranar Gummi tana ta matsowa.

Wata rana bayan azahar Goggo tana zaune a kujerarta 'yar tsugunne a inuwar ɗaki, ta ƙwala kira.

"Hure. Ɗauko abin nan da kika ɓoyewa ƙarƙashin rumbu."

Hure ta dube ni. Ta je ta ɗauko, ta zo tana jan ƙafa.

"Miƙo min."

Ta durƙusa ta miƙa da dama, hagun yana tallafe da gwiwar hannu, yadda aka koya mana.

"Ba da wanga ba. Da wancan."

Hure ta tsaya a durƙushe. "Goggo..."

"Ni na ce. Ko kin taɓa jin na yi magana biyu?"

Na ajiye ɗinkina. Hure ta mayar da ƙwallon hannun hagu. Ƙwallon yana neman zamewa. Ta ɗaga shi kaɗan ta tsaya, ta runtse ido kamar mai jiran duka. Goggo ba ta miƙo hannu ta taimake ta ba, ta bar ta sai da ta miƙe hannun duka. Sannan ta karɓa da hannu biyu, yadda ake karɓar abu daga babba. Ta juya ƙwallon, ta latsa facin da babban yatsa.

"Ni na ɗaure, ni na kwance," ta ce. "Ba da mugunta na yi ba, ke ma kin sani. Tashi ki buga in gani."

Hure ta share fuska da hijabi, ta tashi ta buga da hagu. Bugu na farko ya dawo. Na biyu ya sami ɗan yatsan ƙafarta, ya tafi ya kifar da kaskon ruwan kaji. Kaji suka watse.

Goggo ta bi ƙwallon da kallo har ya tsaya. "Wanga hannun na sha wahalar ɗaurewa? Ashe bai iya komi ba."

Hure ta fashe da dariya da hawaye a fuskarta. Ta ɗauko ta sake. A bugu na huɗu damar ta yi tsalle ta cafe.

"Mi Malamarku tac ce game da wanga?"

"Laifi na, Goggo. Sai a karɓe a ba waɗancan."

"To zo nan. Ba ni damar."

Goggo ta kama hannun daman Hure ta ɗora a cinyarta, ta rufe da tafinta. Ba ta matse ba, ta dai riƙe. Hure ta sunkuya a gefenta ta fara bugawa da hagu. Duk sanda damar ta motsa za ta tafi ceto, sai Goggo ta ɗan shafa bayan hannun ta ce, "Zamna, ba da ke aka ba." In ƙwallon ya gudu, ni ke ɗaukowa.

Kullum bayan azahar haka muke yi. Goggo ta fara sanin dokoki, har tana gyara. "Ya wuce ƙugu." "Ɗaga kai, mi kika nema ga ƙasa?" Wata rana Baffa ya shigo ya iske su, ya ce ashe an buɗe sabuwar makaranta a gidansa ba a gaya masa ba. Goggo ta ce in yana son shiga sai ya kawo goro. Daga baya ta daina riƙe hannun, sai Hure ta riƙa tafiya daga bakin rumbu zuwa bakin rijiya tana sauya ƙwallo daga hannu zuwa hannu. Wani lokaci ta yi tafiya uku ba kuskure, wani lokaci damar ta tuna halinta. Malama ta ce hagun yana da ƙarfi fiye da yadda ta zata, lokaci ne kawai ya yi mana kaɗan.

Ranar kasuwa aka sa tafiyar Gummi, don motoci sun fi yawa a hanya, mutane sun fi samun natsuwa. Goggo ta ce ita ba ta zuwa, gwiwarta ba ta son mota. Muka cika ƙaramar bas, Malama a gaba, 'yan mata da ni a baya, muna ta addu'a duk inda daji ya yi duhu. Muka isa Gummi lafiya.

Filin nasu na gaske ne, kwando biyu, an ja layuka da farin fenti. Masu zaɓen su biyu ne, wani mutum mai usur da wata mata doguwa mai gilashi wadda ba ta cika magana ba. Aka gauraya 'yan matan aka raba su biyar-biyar. Malamai aka ce su tsaya waje su yi shiru.

Wadda aka sa ta tsare Hure wata 'yar Anka ce mai suna Safa, doguwa, mai dogayen hannuwa. Da farko Hure ta wuce ta ta dama har sau biyu, ta jefa ɗaya ya shiga. Na ga matar mai gilashi ta bi ta da ido. Safa ma ta gani. Da aka sake ba Hure ƙwallo, sai Safa ta matsa ta toshe damar gaba ɗaya, ta bar hagu fayau.

"Ke 'yar Bukkuyum," ta ce, har ina ji daga inda nake, "ga hanya nan, wuce mana. Ko ɗayan hannun na aro ne?"

Hure ta tura ƙwallon hagu. Damar ta bi shi ta cafe. Ta sake bugawa ƙasa, usur ya yi ƙara. Aka karɓe aka ba su Safa. Malama Zulaihat ta sunkuyar da kai. Ni kuwa sai na ji allurar hula ta soke ni, ban ma san ina riƙe da ita ba.

Hure ta koma baya tana goge tafin hagu a wandonta. Ba ta dubi kowa ba. 'Yan ƙungiyarta suka ɗan daina ba ta, sai da ta ɗaga hannu ta nema da kanta. Aka jefo mata. Safa ta sake tsayawa a dama tana murmushi.

Na ga Hure ta durƙusa ƙasa sosai, ta ɗaga damar a gaban ƙirjinta kamar mai kare kanta daga ƙaya. Ta tura ƙwallon ta gaban gwiwoyinta. Hagun ya tarbe shi shi kaɗai. Bugu ɗaya, biyu, ta wuce ta gefen Safa, kanta a sama. Wata ta taso ta tare ta, sai ta jefa wa 'yar ƙungiyarta da ke tsaye ƙarƙashin kwando, ita kuma ta saka.

Ba a ce daga nan komai ya tafi daidai ba. Sau ɗaya ƙwallon ya buga mata ƙafa ya fita. Sau ɗaya Safa ta zura dogon hannunta ta ɗauke. Amma usur bai ƙara yin ƙara a kan hannu biyu ba, kuma Safa ta daina barin hagun a buɗe, ta daina magana ma.

Da aka tashi, matar mai gilashi ta sa aka jera su. Ta bi layin tana dafa kafaɗar wadda ta zaɓa. Ta dafa Safa. Ta dafa wasu 'yan Gummi biyu. Da ta zo kan Hure sai ta tsaya, ta ɗauki ƙwallo ta jefa mata.

"Je ki wancan kwandon ki dawo. Da hagu kaɗai."

 Hure ta tafi a hankali, ba gudu, ƙwallon yana ɗan karkacewa tana bin sa. A wajen juyowa ya so ya tsere, damar ta ɗaga, ta tsaya a iska, ta koma. Ta dawo har gaban matar ta tsaya, sannan ta kama da hannu biyu ta miƙa mata, tana haki.

"Yaushe kika fara da wannan hannun?"

"Da kakar nan, Hajiya."

"Bai nuna ba tukuna," in ji matar. "Amma zai nuna." Ta dafa kafaɗarta ta wuce gaba.

Ba mu tsaya murna ba, direba yana ta cewa a shiga kafin rana ta karkata. A mota 'yan matan da ba a ɗauka ba suka yi ta tsokanar Hure, wai ta tuna da su in ta zama 'yar birni. Ita dai ta jingina da kafaɗata, can sai barci ya ɗauke ta.

Mun iske Goggo a bakin murhu tana tuƙa tuwo. Hure ta durƙusa a gefenta.

"Goggo, an ɗauke ni."

Goggo ta ci gaba da tuƙi. Ta yayyafa gari, ta sake juyawa, ta rage wuta. Sai da ta rufe tukunyar sannan ta ce, "To, madalla. Allah shi sa albarka." Ta goge hannu a zane. "Yaushe za a tai?"

"Malama ta ce in an dawo daga hutu."

"Sai a nemo akwati. Fiddausi, ki gaya ma Baffanku." Ta ja hijabin Hure baya ta duba kanta, ta bi layin kitson da yatsa. "Can wa zai riƙa yi miki kitso? Kin san kanki ba ya son hannun kowa."

"Akwai 'yan mata da yawa, Goggo."

"'Yan mata," in ji Goggo. "Su ja miki gashi su karya. Ɗauko mashaci ki zamna. In yi miki ƙanana, waɗanda za su daɗe."

"Goggo, da saura fa. Ba gobe za ni ba."

"Na sani. Zamna dai."

Hure ta ɗauko mashaci ta zauna tsakanin ƙafafunta. Ni na ƙarasa kwashe tuwon.